KASUWAR WASAN GEM: INA SARKIN KASUWA?

A watan Nuwamba na 2024 Gwamnan Jihar Kaduna, Malam Uba Sani, ya tafi Birnin Gwari ya buɗe karar shanu, wadda ta yi shekaru a rufe saboda ɓarnar 'yan bindiga. Duk wanda ya san halin da wannan ƙasa ta shiga, daga Gayam zuwa Kuyello, daga Randagi zuwa Dogon Dawa, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen da suka ga shekarar 2021, sa'ad da aka hana cin kasuwannin mako, aka kuma yanke layukan waya, ba su bukatar a gaya musu darajar kasuwa. Sun ɗanɗana rashinta.

To, amma kasuwa in ta buɗe, ba hatsi da shanu kaɗai ke shigowa ba. Motar da ta ɗauki masara zuwa Kaduna ba ta komowa wayam. Takan komo da wayoyin hannu, da janareta, da faifan sola, da akwatin nan da a ke haɗawa da talabijin, wanda samari ke kira PlayStation. Da zarar waɗannan sun haɗu a rumfa guda, an jera benci biyu, to, shagon gem ya kafu ke nan. Yaro ya biya kuɗi, a miƙa masa abin sarrafawa, ya buga ƙwallo ko ya yi yaƙi a cikin allo, lokacinsa ya cika ya tashi, wani ya zauna. Wanda ba shi da shago kusa kuwa, wayar yayansa ta ishe shi.

Mu dai ba mu ƙi wasa ba. Kakanninmu sun buga dara a gindin bishiya, mu ma mun yi langa a dandali, ba wanda ya ce mun lalace. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne, wannan wasa ba kamar dara ba ne, wadda rami da tsakuwa ko 'yan itatuwa suka ishe ta. Wannan ciniki ne, babban ciniki kuwa, wanda kamfanonin Amurka da Japan da Sin ke kokawa a kansa. Kowace kasuwa tamu tana da Sarkin Kasuwa, mai duba mudu, mai tsawata wa mai algus, mai raba gardamar dillalai. Wannan kasuwa da ta shigo har cikin aljihun 'ya'yanmu, wa ke duba mudunta? Kafin mu amsa, bari mu ba masu karatu tarihinta a taƙaice, domin wanda bai san mafarin abu ba, ba ya iya yi masa magani.

RAMIN ƘARYA

A farkon shekarun 1980 wani kamfanin Amurka mai suna Atari shi ne jagaban wannan sana'a. Da ciniki ya yi daɗi, sai kowa ya shigo, mai gwaninta da marar gwaninta, aka cika kantuna da kaset-kaset na wasannin da ba su da ko kai ko gindi. Atari kansa ya biye wa gaggawa. A 1982 ya ba mutum guda kamar mako 5 kacal ya haɗa wasan da a ke kira E.T., don kada kasuwar Kirsimeti ta wuce. Wasan ya fito bai nuna ba. Masu saye suka yi ta mayar da shi, amana ta zube, kasuwar duka ta rushe. Cinikin da ya kai wajen dala biliyan 3 a Amurka ya faɗi zuwa kamar dala miliyan 100 a 1985. A watan Satumba na 1983 Atari ya kwashi kaset fiye da 700,000 da sauran kayan da suka yi kwantai, ya binne su a juji a garin Alamogordo. Shekaru da yawa mutane suna tsammani almara ce, sai a watan Afrilu na 2014 aka tona wurin, aka same su.

Wannan darasi ba baƙo ba ne gare mu. Mai sayar da manja in ya sirka shi da abin da ba shi ba, yakan ci riba kasuwa ɗaya ko biyu, sa'an nan ya jawo wa dukan 'yan layinsa baƙin jini. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko a Gayam ko a Amurka.

Wanda ya tayar da kasuwar bayan ta faɗi shi ne Nintendo, wani tsohon kamfanin Japan da aka kafa a birnin Kiyoto tun 1889, asalin sana'arsa yin karta. Ya shiga Amurka da akwatinsa a 1985, ya kafa doka: ba wanda zai yi wa akwatinsa wasa sai da izninsa, sai ya duba ya buga hatimi, kuma kada kamfani ɗaya ya fitar da fiye da wasanni 5 a shekara. Watau ya naɗa kansa Sarkin Kasuwa. Da fari abin ya yi amfani, don kaya sun gyaru, masu saye sun komo. Amma fa Sarkin Kasuwar da shi ma ya ke da rumfa a cikin kasuwar, wuya ne ya riƙe mudu daidai. Nintendo ya hana masu yi masa wasa su kai wa abokan gasarsa wasan nan har sai shekara 2 ta wuce. A 1991 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da tilasta wa 'yan kanti farashi guda, aka yi sulhu a kan ya raba wa masu saye takardun rangwame na dala 5 kowanne. Ashe wanda ya yi maganin algus shi ne ya koma yana danne kasuwa.

LA'ADA

Yau yawancin masu wasa a ƙasarmu a waya su ke yi, ƙofofin shiga waya kuwa biyu ne, ɗaya ta Apple, ɗaya ta Google. Yawancin masu wasan da su ke son su kai kayansu ga jama'a ta rumfarsu su ke bi, su kuwa suka yanka wa kansu la'ada har kashi 30 cikin 100 na abin da aka saya. Masu karatu su auna da kansu. A ce dillali a karar Birnin Gwari ya sayar maka da sa, ya cire kusan sulusin kuɗin ya sa aljihu, sa'an nan ya ce ba ka da ikon ko gaya wa mai saye cewa akwai wata ƙofa. Wane mai shanu ne zai yarda?

A watan Agusta na 2020 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya ƙi yarda. Ya buɗe hanyar biyan kuɗi tasa, Apple da Google suka kore shi daga rumfunansu, aka tafi gaban alƙali. A 2021 kotun Amurka ta ce ba a tabbatar Apple ya mallake kasuwa ba bisa haramci, amma ta umurce shi ya bar masu kaya su nuna wa masu saye wata hanyar biya. A shari'ar Google kuwa, cikin Disamba na 2023, masu taya alƙali yanke hukunci suka ce lalle ya danne kasuwa. Tun ma shari'a ba ta ƙare ba, kamfanonin biyu suka rage la'adar ƙananan masu sana'a zuwa kashi 15. Wannan ya nuna mana abu guda: la'adar da aka ce ba ta raguwa, in an sami mai tsayawa ya yi gardama, tana raguwa.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Kada mai karatu ya ɗauka Epic waliyyi ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Disamba na 2022 hukumar ciniki ta Amurka ta sa wannan kamfani ya biya dala miliyan 520. Daga ciki, miliyan 275 tara ce saboda tattara bayanan yara ba da iznin iyaye ba, miliyan 245 kuwa kuɗin da za a mayar wa mutanen da aka yaudara. Yaudarar ita ce, an shirya maɓallan wasan yadda yatsa na kuskurewa sau ɗaya ciniki ya faɗa, yaro ya kwashe kuɗin ubansa ba tare da uban ya sani ba.

A nan ne mu ke so malamai su buɗe kunne. Wasannin waya da yawa a kan ce kyauta ne. To, kamfanin da ya ɗauki ma'aikata ɗaruruwa yana biyansu albashi, don Allah ya ke rabon wasa? Ba haka ba ne. Kyautar ƙoto ce a bakin ƙugiya. Sai yaro ya saba, ya kai inda ba ya iya wucewa, sa'an nan a ce ya sayi makami, ko riga, ko ɗan wasa. Mafi muni shi ne abin da za mu kira ƙunshin sa'a: ka biya kuɗi a ba ka ƙunshi a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Wani sa'i ka sami gwanin ɗan ƙwallo, sau da yawa ka sami tarkace, sai ka sake biya. Hausawa sun daɗe da ba irin wannan suna, cinikin biri a sama. Malamanmu na fiƙihu kuwa ba su taɓa halatta sayar da abin da mai saye bai san ko mene ne ba.

Ba mu kaɗai ke ganin haka ba. A watan Afrilu na 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa ƙunshin sa'a da a ke saye da kuɗi caca ne. A farkon 2019 kamfanin Electronic Arts, mai wasan ƙwallon nan da samarinmu suka fi sani da FIFA, ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a wannan ƙasa. Har wa yau, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem, irin wadda ke hana mutum barci da karatu da sana'a, cikin jerin cututtukan da ta sani. In Turawan da suka ƙago abin sun ga ya kamata a yi masa linzami, mu da ya zo wa baƙo ba mu da hujjar sakaci.

BABBAN KIFI DA ƘARAMI

Saura batun haɗiye abokin gasa. A watan Janairu na 2022 Microsoft ya ce zai sayi kamfanin Activision Blizzard, mai wasan yaƙi Call of Duty, a kan kusan dala biliyan 69. Hukumomin Amurka da Ingila suka tashi tsaye, don tsoron kada mai akwatin Xbox ya mallaki wasan ya hana masu PlayStation. Hukumar Ingila ta hana cinikin a Afrilu na 2023, ba ta sake shi ba sai a Oktoba, bayan Microsoft ya yarda ya saki waɗansu haƙƙoƙi ga wani kamfani dabam, ya kuma yi alkawarin barin wasan a kan PlayStation har shekara 10. Wata 3 bayan an gama ciniki, a Janairu na 2024, aka sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dattawanmu da suka yi zamanin awon gyada ba za su yi mamaki ba. A 1937 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko a Afirka ta Yamma, har da U.A.C., suka haɗa baki don kada su yi gasa wajen farashi. Manoman Gwalkwas, watau Gana ta yau, suka ƙi sayarwa har watanni, sai da Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike a 1938. Kaya sun canja, daga buhu zuwa allon waya, amma halin mai ƙarfi a kasuwa bai canja ba. In masu saye ko masu sayarwa suka ragu suka zama biyu ko uku, talaka ne ke biya.

ME YA SHAFI GAYAM?

Mun san wani zai ce, mutanen da jiya-jiya su ke kwana da ido ɗaya a buɗe, waɗanda gonakinsu na bakin daji suka yi shekaru ba a nome ba, ina ruwansu da rigimar Apple da Google? Wani kuma zai ce, ai gara yaro ya zauna a shagon gem da ya bi miyagun abokai zuwa daji. Magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, ba mu musa ba. Shagon gem sana'a ce ta halal in an tsare ta, tana ciyar da saurayin da ba shi da aikin yi, tana kuma ba yara wurin hutawa a gaban idon jama'a. Amma ita wannan hujja ce ma ta sa mu ke cewa a gyara sana'ar. Ƙasar da makarantunta suka sha rufewa, yaranta suka yi asarar zangunan karatu, ba ta da sauran sa'a guda da za ta yi wasa da ita. Gidan da ya sayar da shanunsa ya fanshi ɗan'uwa, ba shi da sauran kuɗin da ƙunshin sa'a zai cinye. Abin da mai wadata zai yi asararsa ya yi dariya, a Gayam kuɗin taki ne.

Apple da Google sun fi ƙarfin Dagaci, gaskiya ne. Amma rumfar da ke bakin tasha ba ta fi ƙarfinsa ba. Saboda haka ga shawararmu, kowa da nasa rabo.

Ga masu shago, mu ke cewa gasa halal ce, amma tana da iyaka. Ka fi maƙwabcinka da tsabtar wuri, da kyan allo, da sauƙin farashi, da cika lokaci daidai, ba wanda zai zarge ka. Amma rage minti a ɓoye tauye mudu ne, ko da ba hatsi a ke aunawa ba. Jawo ɗan makaranta da rangwame a lokacin darasi cin amanar iyaye ne. Ba yaro bashi, ko karɓar jinginar littafinsa ko tiyar masarar da ka san daga rumbun gida ta fito, koya masa sata ne. Barin samari su ɗora kuɗi a kan wanda zai ci wasa kuwa, shagonka ya zama gidan caca ke nan, kome sunan da ka rubuta a ƙofa. Akwai kuma wani abu da mu ke jan kunne a kai ƙwarai. A ƙasa irin tamu, inda kalma ɗaya ta cewa wane yana kai wa 'yan daji labari ta isa ta halaka mutum, kada kishin sana'a ya sa wani ya yi wa abokin gasarsa irin wannan ƙage. Wanda ya yi haka ba ciniki ya ke nema ba, jini ya ke nema.

Ga akawunan ƙaramar hukuma, magadan En'e, mu ke cewa aikinku bai ƙare a yankan rasit ba. Akawun da ya karɓi kuɗin lasisi bai taɓa leƙa shagon ba, rabin aiki ya yi. A rubuta sharuɗɗa a bayan takardar izni da Hausa: a rufe wa 'yan makaranta ƙofa a lokacin karatu, a tashi da dare a kan lokacin da Hakimi da dattawa suka yarda, a manna farashi a bango, ba bashi ga yaro, ba caca. Sa'an nan doka ta hau kowa daidai. In aka rufe shagon marar gata aka bar na ɗan'uwan kansila, to, hukuma da kanta ta shiga gasar rashin gaskiya, ta zama Sarkin Kasuwa mai rumfa.

Ga malaman makaranta, ku ne kuka fi kowa ganin alamar. Yaron da ke gyangyaɗi a darasin farko, wanda kuɗin tararsa ke ɓacewa kullum, ku bincika. Bulala kaɗai ba ta warkar da wannan. Ku ɗauki ƙunshin sa'a ku mai da shi darasin lissafi: in abin da a ke nema yana fitowa sau 1 cikin 100, kowane ƙunshi kuwa naira kaza ne, nawa mutum zai yi tsammanin kashewa kafin ya samu? Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa a kan allo ya sami rigakafin da wa'azin wata guda ba zai ba shi ba. Ku kuma gaya wa iyaye a taronsu kada su bar lambar sirrin asusunsu a wayar da yara ke riƙewa.

Ga Gwamnati, makaman suna nan, amfani da su ya rage. Tun 2019 Nijeriya ta yi dokar gasa da kare masu saye, ta kafa mata hukuma, wadda a 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220. Hukumar da ta iya wannan tana iya tambayar masu wasanni yadda su ke karɓar kuɗin yaranmu. A watan Nuwamba na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce wannan hurumin jihohi ne. Ashe ke nan Majalisar Jihar Kaduna tana da ikon duba ko ƙunshin sa'a ya shiga cikin caca, kamar yadda Beljiyam ta yi.

Daga ƙarshe, adalci ya sa mu juyo kan kanmu. Ba daidai ba ne mu nemi gaskiya daga kamfani, mu kuwa muna kwafar wasansa ta hanyar sata muna haya da shi. Mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano, masu zuba jari suka yi asara, masu kwafi suka yi ƙiba. 'Yan ƙasarmu sun fara shiga wannan sana'a, kamar kamfanin Maliyo Games da aka kafa a Ikko a 2012. Ba abin da zai hana wata rana ɗan Gayam da ya yi karatun kwamfuta ya sa dara ko dambe a cikin waya, da harshenmu, duniya ta saya. Ranar nan zai bukaci kasuwar da ba a sace masa aiki, ba a kuma cinye shi da la'ada. Kasuwar da muka gyara yau ita zai tarar.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Muna fata Hakimai da Dagatai, da shugabannin makarantu, da masu shagunan kansu, za su zauna su tsara wannan al'amari tun bai gagara ba. Allah ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya sa albarka a kasuwanninta, ya shirya mana zuriya. Amin.